Wa Ke da Ikon Rufe Ƙorafi? Nazarin Tangarɗar Manhajar Bashin Taki a Ƙasar Auyo

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo a jihar Jigawa, cikin filayen noman rani na kwarin Haɗeja da ke shan ruwan da ake sakowa daga madatsun Tiga da Challawa, akwai ƙungiyar gama-kai ta manoman shinkafa wadda ta daɗe tana raba wa mambobinta taki bashi a farkon rani, su biya da shanshera bayan girbi. Shekara da shekaru a manyan littattafai ake rubuta wannan bashi, har zuwa lokacin da wasu matasan yankin, waɗanda suka yi karatun kwamfuta ko suke kan yi a Kafin Hausa da Haɗeja da Dutse, suka haɗa kai suka ƙera wa ƙungiyar wata ƙaramar manhajar waya da za ta riƙe lissafin. Babu wanda ya biya su ko sisi. Sun ajiye rubutun manhajar a buɗe a GitHub, shafin intanet da masu ƙera manhaja suke ajiye ayyukansu, ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar karantawa da kwafa da gyarawa, da niyyar duk ƙungiyar da take so ta ɗauka kyauta. Tangarɗa guda ɗaya da ta ɓulla a cikinta ta kusa tarwatsa matasan, ta kuma taɓa mutuncin mutum biyu da ba su ji ba ba su gani ba, kuma ita ce ta tilasta musu zama su yanke shawarar da suka daɗe suna kauce wa, wato wa yake da ikon yanke hukunci a aikin.

Da yake a gonaki da yawancin ƙauyukan yankin sabis ba ya zama, an tsara manhajar ta yi aiki ba tare da intanet ba. Kowace shiyya tana da magatakarda mai riƙe da wayar Android, yana shigar da sunan manomi da buhunan da ya karɓa da abin da ya biya, bayanan su zauna a cikin wayar, sai ranar da ya shiga gari ya samu sabis su tafi rumbun bayanai da ke intanet. Duk manhajar da ke aiki ta wannan hanya dole ta amsa tambaya guda: idan abin da ke cikin waya ya saɓa da abin da ke cikin rumbu game da manomi ɗaya, wanne za a ɗauka? Wanda ya assasa aikin, wanda mutanen ƙauyen suke kira Injiniya, na ƙasa da shi kuma suke ce masa Yaya, ya zaɓi amsar da masu ƙera manhaja da yawa suke zaɓa, cewa bayanin da ya fi zama sabo shi ne gaskiya. Lokacin da ake dubawa don a gane sabo da tsoho kuwa daga agogon wayar magatakarda ake ɗauko shi.

Game da shugabanci, babu abin da aka rubuta. Injiniya, wanda yake aiki a Kano, shi kaɗai yake da kalmar sirrin rumbu, shi kaɗai yake iya shigar da gyara cikin manhajar, shi yake biyan kuɗin hayar rumbun daga albashinsa. Ƙorafe-ƙorafe kuma ta saƙon murya na WhatsApp suke zuwa wayarsa, a tsakiyar saƙonnin gida da na ofis. Akwai sashen rajistar matsaloli a GitHub, inda kowane ƙorafi yake samun lamba ya zauna a buɗe har a rufe shi, amma da Turanci ake rubutu a wurin, kuma babu magatakarda ko ɗaya da ya taɓa leƙa shi. Ba a ga aibin wannan tsari ba muddin abubuwa suna tafiya daidai, domin Injiniya mutum ne mai himma da amana, kuma wannan amanar tasa ce ta sa ba wanda ya ga dalilin kafa doka.

Bayan girbin shinkafar rani, wani dattijo ya kawo shansherarsa aka auna, magatakardan shiyyarsu ya shigar da biyan a waya, ya kuma rubuta masa rasit a ɗan littafin da yake ajiye kwafi. Bayan 'yan kwanaki magatakardan ya je kasuwa, wayar ta samu sabis, da ya dawo ya duba sai ya tarar da bashin dattijon ya koma yadda yake, kamar ba a biya ko kwano ɗaya ba. Ya sake shigarwa, aka zauna lafiya na ɗan lokaci, sannan irin haka ta faru da wani manomin. Sai ya aika saƙon murya: “Injiniya, barka da aiki. Wayar nan tana maido da bashin da aka riga aka biya. Don Allah a duba mana kafin zaman ƙungiya.” Ɗaya daga cikin ƙananan 'yan sa-kan ya ji labarin ya rubuta shi a rajistar a layi biyu. Injiniya bai yi sakaci da gwaji ba. Ya shigar da biya a wayarsa, ya kashe data, ya kunna, ya maimaita ta hanyoyi daban-daban, bai ga komai ba. Sai ya rubuta cewa matsalar ba ta bayyana a gwaji ba, mai yiwuwa magatakardan yana manta danna maɓallin ajiyewa, ya rufe ƙorafin. Magatakardan bai san an buɗe masa lamba ba, balle ya san an rufe ta.

A nan ne, a ganina, ainihin ɓarnar ta auku, domin kuskure a rubutun manhaja abu ne da babu aikin da ya tsira daga gare shi, amma rufe ƙorafi hukunci ne. Mutum ɗaya ne ya rubuta sashen da ake zargi, shi ya gwada, shi ya wanke rubutun nasa, shi ya ɗora laifin a kan wanda ba ya wurin, kuma babu wata ƙofa da hukuncin zai bi ya koma ga mai ƙorafi ya ce bai yarda ba. Rashin ganin matsala a wayar da ke cikin birnin Kano ba hujja ba ce cewa babu ita a wayar da ke fadama.

Da aka yi zaman ƙungiya gabanin damina, ma'aji ya karanta sunayen waɗanda ake bi bashi daga jerin da aka ciro daga rumbu, kuma bisa ƙa'idar ƙungiyar duk wanda sunansa ya fito ba zai samu takin damina ba. Sunan dattijon yana ciki. Ya miƙe a gaban 'ya'yan cikinsa ya zaro rasit daga aljihu, wasu ma suka fito da nasu, kuma dukansu 'yan shiyya ɗaya ne. Nan take zargi ya tashi daga kan manoma ya koma kan magatakardan, domin a hankalce idan an karɓi shinkafa an ba da rasit amma na'ura ta ce ba a biya ba, to wani ya karkatar da ita. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, alamar da ta kamata ta nuna cewa laifin yana cikin waya guda, wato taruwar duk matsalolin a shiyya ɗaya, ita ce mutane suka ɗauka a matsayin shaida a kan mai riƙe da wayar. Magana ta kai gaban dagaci, wanda ya yi hikimar cewa a dakata da hukunci har a ƙidaya buhunan da ke sito, sannan yaran da suka kawo na'urar su zo su yi bayani. Ƙidayar ta nuna shinkafa tana nan cif, amma hakan bai kashe gutsiri-tsoma ba, tunda har lokacin ba wanda ya iya faɗin yadda aka yi.

Wadda ta warware ƙullin ɗaliba ce daga cikin 'yan sa-kan, wadda aikinta a manhajar shi ne fassara saƙonninta zuwa Hausa. Da ta zo hutu sai ta nemi izinin mahaifinta ta je gidan magatakardan tare da ƙaninta, ta ce masa, “Malam, ba waya na zo dubawa ba, so nake ka nuna mini yadda kake aiki da ita tun daga safe.” Ya aiki yaro ya karɓo wayar daga wurin mai caji. Wayar irin wadda ake cire wa batir ce, mai cajin kuma, kamar yadda masu sana'ar da yawa suke yi idan wayoyi sun yi yawa, yakan zare batirin ya maƙala shi a caja daban. Da aka mayar aka kunna, sai ta ga kwanan watan da ke fuskar wayar ya koma shekaru baya. Malam ya ce ai kullum haka take yi, kuma da ya shiga gari take gyara kanta, shi ya sa bai taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba.

Da wannan komai ya fito fili. Ranar rabon taki agogon wayar daidai yake, saboda haka bashin ya shiga rumbu da kwanan wata na gaskiya. Ranar biya kuwa, idan an cire batir da daddare, biyan yana ɗaukar kwanan watan shekarun baya. Idan wayar ta samu sabis, rumbu ya kwatanta biyun ya ga bashin ne “sabo”, sai ya watsar da biyan ya maido wa wayar tsohon lissafi. A daidai wannan lokacin kuma agogon yake daidaita kansa daga sabis, wanda ke nufin duk wanda ya karɓi wayar a gari ya duba ba zai ga alamar komai ba. Wayar Injiniya ba a cire mata batir, ba ta kuma rabuwa da sabis, don haka ko shekara zai yi yana gwaji ba zai gani ba.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. An daina dogara da agogon waya, an kuma daina barin wani bayani ya shafe wani. Yanzu kowane karɓa da kowane biya layi ne mai zaman kansa da lambarsa, ragowar bashi kuma lissafa shi ake yi daga jimlar layukan, kamar dai littafin ɗan kasuwa mai tsoron Allah wanda ba ya goge abin da ya rubuta, sai dai ya ƙara layin gyara a ƙasa. An kuma sa manhajar ta ƙi karɓar sabon shigarwa idan kwanan watan wayar ya gaza na shigarwar ƙarshe, ta gargaɗi magatakarda da Hausa. Biyan da suka ɓace daga kwafin rasit na Malam aka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba don ya ƙi sakin littafinsa na takarda ba, da babu inda za a samo su. Injiniya da kansa ya zo ƙauyen ya tsaya gaban dagaci ya ce, “Ranka ya daɗe, Malam bai ci komai ba, Baba ma ya biya, laifin na na'urarmu ne.”

Rigimar da ta fi wuya ita ce wadda ta biyo baya a tsakanin 'yan sa-kan. Wasu sun ce tunda lasisi ya ba su dama, su kwafi manhajar su ci gaba da tasu ba tare da Injiniya ba. Hakan halal ne a duniyar buɗaɗɗiyar manhaja, kuma haka manhajar aikin ofis ta LibreOffice ta samu a 2010 lokacin da masu aiki suka ɓalle daga takwararta OpenOffice. Sai dai waɗancan jama'a ce mai yawa, su kuwa waɗannan ba su cika tabarma ɗaya ba, kuma da sun rabu da ƙungiyar manoma ta wayi gari da manhaja biyu da babu wadda take da isassun masu kula da ita. Shi kuma Injiniya ya ƙi miƙa kalmar sirri ga kowa, yana cewa lissafin dukiyar mutane ne, ba zai ba wanda bai gama sani ba ikon taɓa shi.

Wannan tsoron nasa ba na banza ba ne, kuma bai kamata a karanta shi a matsayin son mulki kawai ba. A watan Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, da ya bi sawu sai ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a cikin XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kwamfutocin da suke aiki da babbar manhajar Linux a faɗin duniya. Wanda ya dasa ta ya shafe shekaru yana kawo gyare-gyare masu amfani har mai kula da aikin, wanda ya daɗe yana ɗauke da nauyin shi kaɗai ya kuma gaji, ya amince ya ba shi iko. Injiniya ya kawo wannan misali don ya nuna haɗarin sakin makulli. Ɗalibar ta amsa masa da ladabi cewa, “Yaya, ai abin da ya buɗe wa wancan mutumin hanya shi ne an bar mutum ɗaya da kaya har ya gaji.” Ina ganin dukansu suna da gaskiya, kuma maganin da ya haɗa su shi ne kada gyaran kowa ya wuce sai wani ya karanta shi, har da na Injiniya.

Da suka tashi rubuta ƙa'ida, aikin Debian suka fi dubawa, wato aikin haɗa buɗaɗɗiyar manhajar tafiyar da kwamfuta wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma har yau 'yan sa-kai ne suke tafiyar da shi. Rajistar tangarɗarsu, wadda Ian Jackson ya fara rubutawa a 1994, tana ba kowane ƙorafi lamba, tana sanar da mai ƙorafi idan an rufe, kuma ana iya sake buɗe shi idan ba a gamsu ba. Akwai alama ta musamman ga ƙorafin da aka kasa ganinsa a gwaji, da wata ga wanda ake jiran ƙarin bayani a kansa, abin da ke ba da damar ƙorafi ya zauna a buɗe maimakon a binne shi. Sun jera matsaloli hawa bakwai bisa tsanani, kuma duk wadda take jawo asarar bayanan mai amfani tana cikin na sama, waɗanda suke iya hana a saki sabon fitowa. A yarjejeniyarsu da jama'a ta 1997 sun ɗauki alkawarin ba za su ɓoye matsaloli ba, kundin tsarin mulkinsu na 1998 kuma ya tanadi zaɓen shugaba da kwamitin fasaha da yake iya soke hukuncin mai kula da wani sashe idan an samu rinjayen uku bisa ɗaya. Matasan sun kuma tuna da Python, harshen rubuta manhaja, wanda mai ƙirƙirarsa Guido van Rossum ya sauka daga matsayin mai yanke hukuncin ƙarshe a watan Yuli na 2018, aka koma ga majalisar mutum biyar da ake zaɓa tun daga 2019, aikin kuma bai rushe ba.

Ba su kwafi wannan duka ba, don zai yi wa aikinsu yawa. Abin da suka rubuta bai wuce shafi guda ba, kuma da Hausa. Duk ɗan sa-kan da ƙorafi ya iso gare shi, ko ta saƙon murya ko a bakin masallaci, wajibi ne ya shigar da shi rajista a ranar, da kalmomin mai ƙorafin, ya kuma faɗa masa lambarsa. Tsananin matsala da cutarwar da take yi wa manomi ake auna shi, ba da wahalar gyaranta ba, kuma duk abin da ya taɓa lissafin bashi yana gaba da komai, ana kuma sanar da ma'aji kada ya yi aiki da jerin rumbu har a warware. Wanda ya rubuta sashen da ake ƙorafi a kansa ba shi zai rufe ba, kuma ba a rufewa sai an koma ga wanda ya kawo ƙorafin ya tabbatar da bakinsa cewa abin ya daina. Idan an kasa ganin matsala a gwaji, mataki na gaba shi ne wani ya je inda wayar take aiki. An kafa kwamitin mutum uku mai yanke hukunci idan an saɓa, kujera ɗaya a ciki ta wakilin ƙungiyar manoma ce, kuma a kan wannan kujera aka fi jayayya, domin wasu suna ganin wanda bai iya karanta rubutun manhaja ba ba shi da abin cewa a kanta. Waɗanda suka yi rinjaye sun kafa hujja da cewa wanda sunansa ake karantawa a zaman ƙungiya ya fi kowa sanin nauyin kuskure. Kalmar sirrin rumbu kuma yanzu tana hannun mutum biyu.

Tsarin ya zo da nasa nauyin. Rajistar ta cika da ƙorafe-ƙorafen da an gyara su amma suna buɗe, saboda a lokacin dashe da girbi samun magatakarda ya zauna ya gwada ya tabbatar ba abu ne mai sauƙi ba, wakilin manoma ma a irin wannan lokacin ba ya samun halartar zama. Dole aka ƙara sharaɗin cewa bayan an nemi mai ƙorafi har sau biyu ba a same shi ba, kwamitin yana iya rufewa, da sharaɗin kowa yana iya sake buɗewa. Sharaɗin karanta gyaran juna ma ya rage saurin aiki, musamman a makonnin jarrabawa.

Sai kuma matsalar da buɗe rajistar da kansa ya haifar. Shigar da ƙorafi da kalmomin mai shi yana nufin sunayen manoma da adadin bashinsu suna iya fita a shafin da duk duniya take gani, abin da ya saɓa wa sutura, ya kuma shiga hurumin dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023. Yanzu ana cire suna da ƙauye kafin a shigar, a sa lambar mamba a madadinsu, saƙon muryar na asali kuma ya zauna a wurin mutum biyun da suke riƙe da kalmar sirri. Abin da kwamitin bai warware ba har yanzu shi ne kuɗin hayar rumbu, wanda har gobe daga aljihun Injiniya yake fita. Wakilin manoma ya kawo shawarar a riƙa cire ɗan wani abu daga asusun ƙungiya kowace kaka, wasu 'yan sa-kan kuma suna tsoron idan ƙungiya ɗaya ta fara biya za ta ɗauki manhajar a matsayin mallakarta, alhali ƙungiyoyin maƙwabta sun fara tambayar yadda za su shigo. An ɗage maganar zuwa zaman da za a yi bayan girbin damina.